Sunana a Ƙofar Koriyar Motar Delbert Suggs

Zuwa ga Editan Jaridar Mako ta Piney Ford.

Malam Edita,

Ranar Asabar, sha huɗu ga watan Mayu, 1977, da ƙarfe goma da minti ashirin na safe, aka fara ci mini mutunci a garin nan, kuma har yanzu da nake riƙe da alƙalamin nan ba a daina ba. Na san lokacin daidai, domin ina tsaye a ƙofar gida ina ba tumatir ruwa, agogona kuwa bai taɓa yin latti ba. Ni ce Orpha Tillery. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a aji biyar na firamaren garin nan kafin in yi ritaya. Kai ma ka zauna a ajina, layi na uku kusa da taga, saboda haka gyara zama ka karanta har ƙarshe, kada kuma ka yanke mini ko layi ɗaya.

A safiyar nan na ji ƙara kamar ana jan garwa goma a kan kwalta. Ina ɗagowa sai ga akori-kura janye da wata mota koriya shar, mutum kusan ashirin suna biye da ita a ƙasa suna ƙyaƙyatawa. Aka ja birki daidai ƙofata. Delbert Suggs ya diro, hular kwano a ka, tumbi a gaba.

Delbert mai faci ne a garejin surukinsa, shekararsa talatin da takwas. A lokacin sanyin da ya wuce ya sayi wata matacciyar mota a wurin 'yan gwangwan, ya cire kujerun, ya sa aka yi wa ƙofofin walda, ya bi gari yana shela cewa shi yanzu direban tsere ne mai zaman kansa, ba kamfani, ba ubangida. To ka san kowace motar tsere tana ɗauke da sunan wanda ya tsaya mata, ko mai gidan mai, ko mai kantin abincin dabbobi. Delbert ya zaga su kaf, kowa ya ce Allah ya ba da sa'a. Mai akwatin gawa ne kaɗai ya saurare shi har ƙarshe, shi ma cewa ya yi zai jira.

Da ya rasa sunan da zai rubuta, sai ya rubuta nawa. A ƙofar dama, da farin fenti, kowane harafi tsawon ƙafa guda: DUK ABIN DA NA SANI, MALAMA ORPHA TILLERY CE TA KOYA MINI.

"Malama! Ranki ya daɗe!" in ji shi. "Matso ki ga yadda aka ɗaukaka ki!"

Na ce, "Delbert Eugene Suggs, mene ne wannan?"

"Godiya ce, Malama. Sauran 'yan ajinmu shekara ɗai-ɗai suka samu a wurinki. Ni biyu na yi cur."

"Maimaita ajin ka yi, sakarai."

"To ai shi ne. Ilimi ninki biyu."

"Goge shi yanzun nan."

"Haba Malama, fentin ya riga ya bushe."

Maƙwabciyata Mavis Crump ta leƙo ta kan shinge, ta dafe ƙirji. "Delbert, koriya ka yi mata? Kai kuwa wa ya yi maka baki? Tun da nake ban taɓa ganin koriyar mota ta fita filin tsere lafiya ba!"

"Camfi ne, Inna Mavis! Ni mutumin ilimi ne. Malama ta ce mana camfi abincin jahilai ne. Kuma ragowar fentin tarakta ne, kyauta na samu."

Wannan maganar ta camfi, gaskiya ni na faɗa, kuma ita kaɗai ce ya riƙe a cikin shekara biyun.

Kafin in ci gaba, bari ka san abin da ya sa ban ɗauki wannan wasa ba. Gunduma ta gina sabon ɗakin karatu kusa da gidan waya, aka kafa kwamitin da zai zaɓi sunan da za a sa masa. Sunaye biyu ne a gabansu, nawa da na marigayi Dokta Purvis Oakes. Ban roƙi kowa ba. Amma ban yi aure ba, ban haifa ba, ban tara komai ba sai sunan nan, kuma na so a ce bayan raina yana nan a saman ƙofar da ake shiga a yi karatu. Shugaban kwamitin shi ne Hoyt Bascom mai kantin ƙusa da kwano, wanda kuma shi ne ke riƙe lasifika a filin tsere duk Asabar.

Filin namu na jar ƙasa ne, zagayensa rabin mil, ba fitilu, shi ya sa ake farawa ƙarfe biyu. Shekara da shekaru ina jiyo ƙararsa daga gida ban taɓa taka shi ba. Ranar na ɗauki baƙar lemata na je, domin ba na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba.

Kafin a tashi, Hoyt ya miƙa wa Delbert lasifika a matsayinsa na sabon shiga. Da ma jira yake.

"Jama'a, duk waɗannan da kuke gani jakunan ɗaukar kaya ne! Su cika tanki fal, su yi ta jan nauyi. Ni da lissafi nake tuƙi. Zagaye arba'in ne, ko? Rabin arba'in ashirin. Filin kuma rabin mil ne, sai ka sake rabawa, goma. Mil goma ke nan. Motata galan ɗaya take sha a mil huɗu. Galan biyu da rabi na zuba, ko ɗigo ban ƙara ba. Haka Malama Tillery ta koya mana, ga ta can da baƙar lema, ku tafa mata!"

Mutum ɗari tara suka juyo suna tafi. Sau biyu ya raba, Malam Edita. Sau biyu! Na miƙe na ce, "Mil ashirin ne!" amma an riga an tayar da injuna.

In ka haɗa da zagaye biyu na ɗumama inji, man zai ƙare a zagaye na sha takwas. A na sha takwas ɗin kuwa ya ƙare. Motar ta yi tari uku, ta gangara a hankali kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta zo ta mutu daidai gaban rumfar 'yan kallo. Tunda hagu ake zagayawa, ƙofar dama ce ke fuskantar jama'a. Minti goma sha ɗaya tana nan kafin a samo tarakta, kuma a cikin minti goma sha ɗayan nan wani ɗan iska ya fara karanta rubutun da ƙarfi, rumfa gaba ɗaya ta amsa, kalma bayan kalma, kamar ana haddar jadawalin sau.

Hoyt ya ce a lasifika, "Jama'a, ɗalibin Malama ya fita tara. A yi haƙuri, sai an kaɗa ƙararrawa."

Ran Litinin na je shan mai, mai zuba man ya sunkuyo ta taga ya ce, "Malama, in cika ko in raba biyu?" A gidan waya aka tambaye ni rabin rabi nawa ne. Daga can na wuce garejin, na tarar da Delbert zaune a kan taya yana ba mutum huɗu labarin yadda ya kusa cin kofi.

"Ka goge sunana, Delbert."

"Malama, kada ki damu, lissafinmu daidai ne."

"Lissafin wa?"

"Namu. Filin ne ya fi yadda suke faɗa tsawo. Ina shirin kai su ƙara."

"Ɗauko fensir."

"Ai na wuce nan, Malama. Yanzu ilimin taya nake. Ki zo ran ashirin da takwas ki sha kallo."

Na je, don in ba ni wurin ban san abin da za a faɗa da sunana ba.

Duk wanda ya taɓa leƙa gareji a nan ya san tayoyin dama na motar tsere sukan ɗan fi na hagu girma, don motar ta riƙa karkata hagu da kanta a kwana. Delbert ya ji wannan a bakin mutane, ya ce shi zai ninka. Ya samo manya biyu ƙwarai. Sai ya tsaya a gaban motar yana fuskantarta, ya ɗaga hannunsa na dama, ya ce to nan ne dama, ya ɗaura su a nan.

Matan cocinmu suna kafa rumfa a bayan kwanar farko, suna sayar da soyayyar kaza da shayi mai ƙanƙara. Kafin tashi Delbert ya biya ta wurin yana taku ɗai-ɗai. "Inna Mavis, ajiye mini cinya biyu. Yanzun nan zan zo in karɓa, da kofi a hannu."

Aka kaɗa koriyar tuta. Mota goma sha uku suka shiga kwanar farko suka yi hagu. Ta sha huɗu ta yi dama. Muna hango Delbert yana kokawa da sitiyari kamar mai kayar da maraƙi, motar kuwa ta riga ta yanke shawara. Ta bi ta ƙofar da tankar ruwa ke shigowa, ta sauka gangare, mata suka watse suna ihu, ta ture teburi biyu, ta shige rumfar ta tsaya. Tamfol ya rufto ya rufe ta ruf, gaba da baya da rufi. Wuri ɗaya ne kawai tamfol ɗin bai rufe ba, kuma ba sai na gaya maka ko ina ne ba.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Mavis ta ɗaga tamfol ta shiga ƙwanƙwasa masa ludayi a hular kwano.

"Ɗan banza! Kaji goma sha biyu! Ina ne damarka? Nuna mini damarka!"

"Ya danganta da inda mutum ya tsaya, Inna."

"Zan nuna maka inda za ka tsaya!"

"Yi haƙuri, Inna. Cinyar nan da na ce a ajiye fa?"

Hoyt kuwa yana ta faman aikinsa. "Jama'a, ɗalibin Malama ya wuce cin abincin rana. Mai son ganin darasi na gaba ya hanzarta bayan kwana."

Bayan kwana uku Hoyt ya zo gidana, hula a hannu, yana kallon tumatir ɗina maimakon fuskata.

"Malama, kwamiti na ɗan sake tunani. Wasu na ganin kamar Dokta Oakes..."

"Purvis Oakes likitan dabbobi ne, Hoyt. Bai taɓa buɗe littafin da babu hoton saniya a ciki ba."

"Haka ne, Malama. Amma shi ba a taɓa jan sunansa da tarakta ba."

"Wa ke riƙe da lasifikar da ake yi mini dariya da ita?"

"Ai wannan hular daban ce, Malama. Ta Asabar ce, ba ta kwamiti ba."

Na je wurin shugaban 'yan sandan gunduma. Ya saurare ni da ladabi, ya ce ya duba, babu dokar da ta hana mutum gode wa malamarsa. Na je wurin fasto, ya ce in yi haƙuri, yana magana kafaɗunsa na rawa don dariyar da yake dannewa.

Na dawo gida na zauna na yi tunani. Tunda ba a iya cire sunana daga motar, to lallai ne abin da ke ƙarƙashin sunan ya zama daidai. Ban taɓa barin lissafin banza ya fita daga ajina da sa hannuna ba.

Babban tseren shekara ran huɗu ga Yuli ake yi, zagaye hamsin. Na bar gida tun sha biyu da alli da takarda da tef ɗin awo. Ban ci komai ba, sai na sayi ƙunshin soyayyar gyaɗa mai ɓawo a bakin hanya. Na san abin da ake cewa, kowa ya sani: wai ba a kai gyaɗa mai ɓawo inda motocin tsere suke, wai tun zamanin kakanni in mota ta yi haɗari sai a tarar da ɓawo a ciki. Shekara arba'in da ɗaya ina yaƙi da irin wannan shirme, ba zan kwana da yunwa saboda shi ba. Ina ci ina mayar da ɓawon cikin ƙunshin, domin ba na zubar da shara a ƙasa.

A ƙofar filin tsakiya, inda ake gyaran motoci, Virgil Teague mai gadi ya tare ni.

"Malama, mata ba sa shiga nan. Doka ce. Kuma... wayyo Allah, gyaɗa ce a hannunki?"

Na dube shi ta saman tabarau na ce, "Virgil Teague, bakwai sau takwas."

Ya buɗe ƙofar.

Ban taɓa ganin ƙarti sun watse haka ba. Makanikai suka zubar da sifana suka yi bayan motoci. Royce Ledbetter, wanda ya ci kofin nan shekara huɗu a jere, ya haye tulin tayoyi yana tofar da yawu ta kafaɗa.

"Mace! Gyaɗa! Koriyar mota! Saura me, baƙar mage?"

"Sauko, Royce, ka girma," na ce, na wuce.

Zagaye hamsin mil ashirin da biyar ne, da mil ɗaya na ɗumama inji, ashirin da shida. Galan shida da rabi. Na ƙara ɗaya da rabi saboda tsautsayi, takwas. Na tsaya a kan Delbert har ya zuba su, ina ƙirgawa. Na auna tayoyin da tef, na shiga bayan motar na fuskanci inda take fuskanta, na rubuta DAMA da HAGU da alli, na sa ya sauya su ina kallo. Duk wannan yana yi yana ɗaga murya don maƙwabta su ji.

"Kun gani ko? Na ɗauki Malama aiki! Da ma ni na tsara, ita dubawa kawai take."

Da aka kira direbobi, sai shiga mota ta gagara. Ƙofofin a liƙe suke, ta taga ake shiga, shi kuwa ya biya ta rumfar coci ya yi sulhu da Mavis har faranti uku. Ƙafafu suka shige, tumbi ya ce shi sam. Makanikai ba mai matsowa saboda abin da ke hannuna. Dole ni na sa kafaɗa na tura shi. Ya faɗa ciki tim, ƙunshin kuma ya fashe a bakin tagar, gyaɗa da ɓawo suka zube cikin motar kaf.

Ya dubi ƙafafunsa, ya ce da 'yar ƙaramar murya, "Camfi ne, ko Malama?"

"Camfi ne. Je ka. Hagu za ka yi."

Na koma rumfa na zauna kusa da Mavis. Delbert ne na sha huɗu a layi, na ƙarshe. Aka kaɗa tuta, suka shiga kwanar farko, koriyar mota ta yi hagu. Rumfa ta ɗauki tafi kamar an ga abin al'ajabi.

Daga nan abin ya zama abin da ya zama. Labarin gyaɗar ya riga ya zaga direbobi. Duk wanda ya hango kore a madubi sai ya kauce gefe ya ba shi hanya, kamar motar asibiti ce ke tafe. Wanda kuma ya yi ƙoƙarin bin bayansa, iska na kwaso ɓawo ta taga tana watsa masa a fuska. A zagaye na goma shi ne na tara. A na ashirin, na huɗu. A na ashirin da takwas ya wuce Royce Ledbetter, domin Royce ya maƙale jikin katanga don kada su goga. A na talatin da ɗaya Royce ya yi ta maza ya matso zai ƙwace wurinsa, sai ɓawo guda ya zo ya manne masa a tabarau. Mutumin nan ya taka birki har sai da ƙura ta rufe kwana, daga nan bai ƙara kusantar sa ba.

Hoyt ya kusa haɗiye lasifika. "Jama'a, ku duba! Ɗalibin Malama ne a gaba! Ilimi, jama'a, ilimi! 'Yan kwamiti, kuna ina? Ku buɗe ido!"

Rumfa ta ɗauka, "Ma-la-ma! Ma-la-ma!" Mavis tana ta mintsinina a damtse tana cewa, "Orpha, ɗakin karatu ya zama naki! Har da gidan wayar ma!" Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. Ina ƙirga zagayen a takarda. Arba'in da bakwai. Arba'in da takwas. Ya ba na biyu tazarar rabin fili.

Ya kammala na arba'in da tara, mai tuta ya kaɗa masa fara. Farar tuta, kamar yadda kowa a gundumar nan ya sani, tana nufin saura zagaye ɗaya. Tuta mai gidan dara, baƙi da fari, ita ce ta ƙarshe. Abin da ni ban lissafa ba, kuma na amsa wannan kuskuren shi kaɗai, shi ne Delbert Suggs tun da ya fara tsere bai taɓa daɗewa a fili har ya ga ƙarshensa daga cikin mota ba. Ya ga an kaɗa masa tuta, shi kaɗai, jama'a na ihu. Ya taka birki. Ya tsaya cak a gaban rumfa, ya kashe inji, ya zuro kai da kafaɗu ta taga, ya cire hular kwano yana kaɗawa.

Na hau kan benci. E, na hau, ba na musu. Na ɗaga lema na ce, "Saura ɗaya! Saura ɗaya, jaki! Koma ciki!"

Ya hango ni, ya dafa ƙirji, ya sunkuyar da kai irin na godiya.

Royce ya wuce fuu. Na biyu ya wuce. Na uku. A na huɗu ne fuskar Delbert ta sauya. Ya yunƙura zai koma, tumbi ya ƙi. Ya yunƙura zai fito, tumbi ya ƙi. Ga shi nan rabi a waje rabi a ciki, yana wutsil-wutsil, mota goma sha uku suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, har da ta wani tsohon direba, Cletus, wadda ke tafe tana hayaƙi kamar ana gasa masara a ciki. Aka kaɗa mai gidan dara. Sai da Mavis ta kawo man suyar kaza aka shafe bakin tagar, ƙarti huɗu suka ja, sannan ya fito fit kamar toshiyar kwalba.

Duk wannan da na yafe. Abin da ya biyo baya ne ba zan yafe ba. Hoyt ya sauko da lasifika ya kanga masa a baki.

"Delbert, me ya faru? Kofi na hannunka!"

Ya share mai daga ciki, ya gyara tsayuwa. "Jama'a, ni dai kun ga tuƙi. Irin wannan tuƙin ba a taɓa yin sa a filin nan ba. Ban so in faɗa ba, don ta girme ni. Amma gyaɗa ce. Malama ce ta zuba mini gyaɗa a mota. Ita ta rufe mini ido, na ga farar tuta da gidan dara a jikinta ɓaro-ɓaro."

Mavis ta ce, "Kai da ka ce camfi ne!"

"Da ke nan, Inna. Yau na gani da idona."

Mutum dubu da ɗari biyu suka juyo, ni kuma ina nan a kan benci da lema a sama, don ba wanda ya tuna ya ba ni hannu in sauko.

A nan ne kai ma ka shigo, Malam Edita. Ran Alhamis bakwai ga wata ka buga hotona a kan bencin nan a shafin farko, ka rubuta a ƙasa: "Mai horar da Suggs ta karya shi da gyaɗa." Tun daga ranar, safiya ba ta wayewa ban tarar da ƙunshin gyaɗa a ƙofata ba. A coci an fara ce mini Malama Mai Gyaɗa. Kwamiti ya ɗage zama zuwa Talata ashirin da shida ga wata, kuma an gaya mini dangin Dokta Oakes har sun je sun auna saman ƙofar.

Ga gaskiyar magana, kuma ina da shaidu. Bayan an watse na sa sanda a tankin motar a gaban Virgil Teague, man da ya rage ya fi galan ɗaya da rabi kaɗan, ƙarin kuwa daidai da na zagayen da bai yi ba. Motar ta yi hagu a kowace kwana. Duk abin da na sa wa hannu ranar ya tafi daidai. Gyaɗa ba ta taka birki. Ƙafar Delbert ce ta taka.

Jiya ya aiko surukinsa wai zai goge sunana, tunda na jawo masa baƙin jini. Kada ya kuskura. Wata biyu ina roƙo ya ƙi, sai yanzu da zai bar gari da labarin cewa sunana ya tsaya a arba'in da tara? Sunan nan zai zauna a ƙofar nan har sai ya tsallake layi a ƙarƙashin tuta mai gidan dara, ko da na sha huɗu ne. Ina so ya zo gidana ran Asabar mai zuwa ƙarfe tara da fensir. Na yanka tutoci shida na takarda, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya har sai ya haddace.

Tsere na gaba ran Asabar ashirin da uku ga wata ne, kwana uku kafin zaman kwamiti. A ranar, kafin a tayar da ko inji ɗaya, ina so Delbert Eugene Suggs ya tsaya a gaban rumfa, daidai inda ya taka birkin, hular kwano a hannu, ya faɗa cewa shi ya raba sau biyu, shi ya rikita dama da hagu, shi ya tsaya a farar tuta, kuma babu ko ɗaya a ciki da na koya masa. Hoyt Bascom ya riƙe masa lasifikar, in ya gama shi ma ya juyo da ita bakinsa ya nemi gafarata, da hular Asabar da ta kwamiti duka. Kai kuma ka buga naka ban haƙurin a shafin farko, da haruffan da ba su gaza na wancan hoton girma ba.

Zan zauna a benci na farko da agogo a hannu. In ban ji da kyau ba, za a maimaita.

Orpha Tillery,
Malamar aji biyar mai ritaya,
Piney Ford, Karolina ta Arewa.